Juzu'i na Biyu

Mu uku muka shiga a karon farko, mu biyu muka fito.
Littafinmu ya sha yabo a Reykjavik,
aka yi masa bangon fata, aka ba mu kujeru a jami'a.
Ba wanda ya tambayi yadda sunan Ketill ke kan bango,
kujerarsa kuwa ba kowa.

Shekara goma sha ɗaya.
Arngrimur ya yi furfura, ba ya barci sai da fitila.
Ni Steinunn, mai tara kalmomi,
na ɗinka sabon kundi da zaren ulu,
muka hau gajerun dawakin nan masu geza har ido,
muka yi gabas, inda dutse ya taɓa yin amai
ya daskare baƙi ƙirin, gansakuka ta lulluɓe shi.

Makiyayin bakin wurin ya karɓi linzami, bai dube mu ba.
Ya ce, "Tumakina ma kewayewa suke yi.
Amma ku ne masu ilimi."

Ƙofar mutanen ɓoye ba ƙofa ba ce,
tsaga ce mai buɗewa in ka gaji da nemanta.

Ciki ba dare ba rana,
sai haske kore irin na cikin kwalba,
da kogi mai gangarawa sama,
da itatuwa masu 'ya'yan takalma, ƙafa ɗai-ɗai.
Arngrimur na awo da igiya, yana zana taswira;
duk inda ya zana sai ya tashi ya koma bayanmu.

Dokoki uku muka koya da jini wancan karon:
kada ka ci, kada ka gode, kada ka ƙirga su.
Ba a gaya mana akwai ta huɗu ba.

A kasuwarsu wata tsohuwa, bayanta rarake kamar kututture,
ta sayar mini da sunan ƙanƙarar da ke kuka kafin ta tsage,
da sunan kunyar da gawa ke ji.
Na rubuta, hannuna na rawa don daɗi.
Na ce, "Nawa?"
Ta ce, "An biya."

Mun sami Ketill a gindin wani falalen dutse,
gemunsa ko sili bai sake ba,
shayin da ya zuba a gabanmu bai huce ba.
Ya ce, "Kun daɗe wajen ɗebo tawada."
Kewaye da shi su goma sha...
a'a, ban ƙirga ba.
Masu dogayen yatsu, kowa da alƙalami,
suna auna kumatunsa, suna ɗanɗana hawayensa, suna rubutawa.
Ashe su ma da jami'arsu.
Ashe farauta muka je aka farauce mu.
Babbansu ya buɗe mini kundi:
juzu'i na farko ya ƙare da Ketill,
na biyu fari fat, sai sunana a sama.

Mun gudu. Ba zan ƙawata shi ba.
Arngrimur ya saɓa Ketill, taswira ta bi kogi sama,
wani reshe ya karɓe mini takalmin hagu.
A bakin tsaga shekarun suka faɗo wa Ketill gaba ɗaya
kamar masu bin bashi.
Ya zauna kan gansakuka yana lalubar haƙoransa.

Yanzu ina ɗakina, iska na dukan taga.
Kundina na da kalmomi ɗari da bakwai
da bakin ɗan Adam bai taɓa ɗauka ba.
Jiya na gano doka ta huɗu:
duk kalmar da suka ba ni, sun zare ɗaya daga bakina.

Matar nan da ta haife ni ta shigo da romon rago.
Na buɗe baki in kira ta da abin da ake kiran irinta,
sai sunan ƙanƙara mai kuka ya fito.
Ta ajiye kwano, ta daɗe tana kallona.
Ta ce, "Sha, tun da zafi."

Da safe maɗaba'a ta aiko wasiƙa.
Suna tambayar juzu'i na uku.